Tokuji da Hatimin Matarsa

Tokuji ɗan gwaggona ne, taubashina ke nan, don haka ina da izinin faɗar abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. In ya karanta ya ji haushi, ya san hanyar gidana.

Tun muna yara Tokuji bai iya tambaya ba, sanarwa ya iya. Ba zai ce maka, “Gen, za mu je kamun kifi?” ba. Sai dai, “Gobe da sassafe kana bakin teku, ka zo da tana.” Gwaggo takan ce ranar da aka haife shi ma ba kuka ya yi ba, umarni ya ba ungozoma. Ni na bar makaranta da wuri, don ni da lissafi ba ma ga maciji. Shi kuwa ya ƙarasa, ya shiga masaƙar tawul ta garinmu, ya yi ta hawa har ya zama shugaban ɗakin saƙa. Ni ke tuƙa motar kai kaya a masaƙar. Shi ya sanar da ni cewa na samu aikin, alhali ban san na nema ba.

In kana son ganin Tokuji a cikakkensa, ka zo taron safe. Da an gama motsa jiki da kiɗan rediyo, ma’aikata sun jeru, sai ya fito gaba ya buɗe baki. Injinan saƙa kansu sukan yi shiru don kunya. Masunta sun ce suna jin jawabinsa daga tsakiyar teku, har da shi suke sanin lokacin juyowa gida.

Maganar ɓargo ta shigo masaƙarmu ne ta ƙofar mutuwa. ’Yar wani mai rini a wurinmu ta kamu da sankarar jini. Likitoci suka ce sai an samu wanda ɓargonsa ya dace da nata a ɗiba a sa mata, domin a cikin ɓargo irin jini yake. Aka nema aka rasa, ta rasu. Tokuji ya je jana’iza, ya dawo wani mutum daban. Gaskiya dai in faɗa, zuciyarsa ba ta da mugunta. Tsiyar kawai ita ce alherinsa kamar katafila yake, ba ya duba wanda ke gabansa.

Ya je ya shirya da masu motar karɓar jini da ke zuwa harabar masaƙa. Duk wanda ya yarda, za a ɗibi ɗan jininsa a sa sunansa a bankin ɓargo. In wata rana an samu mara lafiyar da ya dace da kai, sai a kira ka, a sa ka barci, a zuƙa daga ƙashin ƙugu. Amma kafin a kai nan, dole iyalinka su yarda. Mai aure sai matarsa ta zo da kanta, gaban likita da lauya, ta danna hatiminta, wanda a wurinmu shi ne sa hannu.

To, mu dai ba ma ce wa na gaba da mu a’a. In ka ji mutum ya ja iska ta haƙoransa ya ce, “Zan duba, Shugaba,” to ya ƙi ke nan, kowa ya sani. Kowa ban da Tokuji. Shi in ka ce za ka duba, sai ya kama hannunka ya raka ka wurin dubawar. Ya tsaya a ƙofar ɗakin cin abinci kamar ɗan sandan kan hanya, ba mai kai loma baki sai ya nuna auduga a gwiwar hannu. Masu saƙa suka shiga, masu rini suka shiga, mai gadi ya shiga. Kyanwar masaƙa ma sai da ta yi ƙaura zuwa kamfanin ƙanƙara. Ni kaina na shiga, da wata allura da ta fi sandar tuƙin kwalekwale tsawo.

Wanda aka fara kira shi ne Shimpei, wani masaƙi mai sanyin hali, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Dole ya nemi hutun zuwa gwaje-gwaje, don haka dole Shugaba ya sani. Washegari Tokuji ya shelanta a taron safe, aka yi tafi har ƙurar auduga ta tashi. Shimpei kuwa ko gida bai kai ga faɗa ba tukuna.

Matarsa tana da cikin fari a lokacin. Da ta ji za a sa mijinta barci a huda masa ƙashi, sai ta ce sam. Shimpei ya zo a ɓoye ya raɗa wa Tokuji. Tokuji bai san ɓoye ba. A taron safe ya ce, “Akwai wani a cikinmu da aka ba damar ceton rai, ya ce wai matarsa ba ta yarda ba. Namijin da ya kasa shawo kan matar da ke cin shinkafarsa, ta yaya zan ba shi amanar inji?”

Bai kama suna ba. Ina amfanin kama suna, bayan kwanan nan aka gama yi wa mutum tafi? Shimpei ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa. Daga ranar, a cikin motarsa yake cin abincin rana, rani da sanyi.

Yanzu bari in buɗe muku tukunyar da Tokuji ya rufe. Matarsa, Yaya Sumie, ’yar tsibiri ce, gidansu masu gonar lemo ne. Lokacin da jikin Gwaggo ya ƙi, Tokuji ya ɗauko ta ya kawo gida, ya sanar da Sumie a bakin ƙofa, tsohuwa na cikin mota. Sumie ta bar aikinta, ta yi jinya shekara da shekaru: wanka, juyi, abinci a baki. Da Gwaggo ta rasu, ranar jana’iza Tokuji ya tashi yin godiya. Ya gode wa mai masaƙa, ya gode wa maƙwabta, ya gode wa likita, na rantse har mai kawo furanni sai da ya samu nasa. Sumie tana can baya da tiren shayi a hannu. Da aka ƙona gawa bisa al’adarmu, aka kai tokar Gwaggo kabari, sai ta kira ni in kai mata kayanta tashar jirgin fito. Ba faɗa, ba saki, ta dai tafi.

A masaƙa ba wanda ya sani sai ni. Kullum Tokuji yana zuwa da ƙunshin abincin rana a ɗaure da ƙyallen matarsa, kamar ita ta shirya. Wainar ƙwan da ke ciki kuwa, ko tayar motata ta fi ta laushi. Mata masu naɗe tawul suna leƙawa suna cewa, “Kai, Shugaba, uwargida tana ji da kai.” Shi kuma yana taunawa yana gyaɗa kai, jijiyar wuyansa a tsaye.

Ana nan, saura kaɗan ya kai shekarun da ake cire sunan mutum daga bankin, sai ga kira. Tokuji ya dace da wani. Ba a faɗa maka ko wane ne, ba a faɗa masa ko wane ne kai. Gwaje-gwaje suka yi kyau. Kun san abin da ya yi. Ya shelanta. Mai masaƙa ya sa aka rataya ƙyalle mai rubutu a ƙofar shiga, tsawonsa ya isa a yi wa jirgin ruwa filafilai.

Da yamma ya same ni ina wanke mota.

“Gen, ranar Laraba ka sa kwat ɗinka, ka zo da hatiminka.”

“Wa ya mutu, Yaya?”

“Ba wanda ya mutu, ɗan banza. Iyali ake nema.”

“Af, yau na zama iyali? Jiya da na ci maka kifi cewa ka yi tsintacce ne ni.”

Na sa kwat ɗin, na bi shi asibiti. Matar bankin ɓargo da ke shiga tsakani, Malama Terauchi, ta dube ni ta cikin tabarau, ta dubi Tokuji.

“Wannan fa?”

“Ƙanena ne. Matata ba ta jin daɗi, ta wakilta shi.”

“To sai mu jira ta ji daɗi,” in ji ta, da murya mai laushi kamar auduga. “Ko mu je gidan mu same ta.”

Tokuji ya ja iska ta haƙoransa. Tunda nake ban taɓa jin ya yi wannan sautin ba.

Malama Terauchi ta cire tabarau. Ta ce, “Malam Tokuji, ba laifi ba ne iyali su ƙi, ana yi. Amma akwai mutum kwance yana jira. In ba zai yiwu ba, a faɗa mana da wuri mu nemi wani. In akwai wanin.”

Muka shiga mota, na ja. Na yi niyyar yin shiru, amma bakina ba ya jin maganata. Na ce, “Yaya, da ka bar ni na ɗaura zane.” Ya make ni a ƙeya har na kusa hawa gefen titi.

Ranar Lahadi muka shiga jirgin fito. Lokacin tsinkar lemo ne, duk tsaunin ya yi ja. Muka tarar da Yaya Sumie a kan gangare, da hula mai faɗi da almakashi, ta yi ƙiba, ta yi haske, kamar an rage mata shekara goma. Ta yi mini murmushi.

“Gen, kai ne? Har yanzu ba ka yi aure ba?”

“Ina koyon darasi a wurin Yaya tukuna.”

Ba ta dubi inda yake ba. Shi kuwa ya gyara tsayuwa kamar a taron safe.

“An kira ni ba da ɓargo. Ranar Juma’a za ki zo asibiti da hatiminki. Jirgin safe za ki shiga, Gen zai ɗauke ki.”

Almakashi ya ce ƙyas. Lemo ya faɗa kwando.

“An gama, Shugaba?”

“Ran mutum ne, Sumie.”

“Na sani. Na san ran mutum, na riƙe guda a hannuna har ya fita.” Ta sake tsinke wani. “Ban yarda ba.”

“Kamar yaya ba ki yarda ba?”

“Kamar yadda ka ji. Ai an ce sai na yarda, ko? To ban yarda ba. Gen, ɗebi lemo ka ci a hanya.”

Na ɗiba. Me zan yi? Lemon ba shi da laifi.

Ranar Litinin, aka gama motsa jiki, aka jeru. Mai masaƙa da kansa ya sauko, fuska cike da fara’a, ya ce Shugaba ya gaya wa jama’a ranar da za a kwantar da shi, don a shirya zuwa dubiya. Tokuji ya fito gaba. Na san zai iya yin ƙarya. Zai iya cewa jininsa ya hau, ko likita ya ɗaga. Na ga ƙaryar ta zo har maƙogwaronsa, ta tsaya. A layin ƙarshe Shimpei yake tsaye, idonsa a kan takalminsa kamar kullum.

“Ba a sa rana ba,” in ji Tokuji. Muryar ko layi na biyu ba ta kai ba. “Matata ba ta yarda ba.”

Kai, na taɓa jin shiru, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Da zare ya faɗi ƙasa da sai an toshe kunne. Kowa ya nemi wurin ajiye idonsa ya rasa.

“Kuma ba ta gidana,” ya ƙara. “Ta daɗe da tafiya. Ni ke dafa abincina.”

Wata tsohuwa mai naɗe tawul ta ce a hankali, “Dama mun ce.” Ta kusa da ita ta zungure ta.

Tokuji ya juya wajen layin ƙarshe, ya sunkuya wa Shimpei, irin sunkuyon neman gafara. Ya sunkuya har na ga sanƙon da yake rufewa da gashin gefe tun zamanin da. Ya daɗe a haka. Da Shimpei ya zage shi, da abin ya zo da sauƙi. Da ya yi dariya ma. Shi kuwa bawan Allah sai ya rikice, fuskarsa ta yi ja, ya sunkuya shi ma, har ƙasa da na Shugaba, yana cewa, “A’a, Shugaba, a’a, don Allah ɗago.” Haka suka tsaya, kamar zakaru biyu na neman tsaba, har aka buga ƙararrawar fara aiki. Da rana wani ya sauke ƙyallen ƙofa ba tare da an sa shi ba.

Malama Terauchi ta bugo waya, ta ce ba za su iya jira har abada ba. Tokuji ya nemi alfarmar ’yan kwanaki. Ya ɗauki hutu, shi da ko ranar aurensa sai da ya leƙa masaƙa. Muka koma tsibiri.

Wannan karon ba sanarwa. Ya ɗauki almakashi ya shiga layi. Tsinkar lemo sau biyu ake yanka, a cire daga reshe, sannan a datse tsinken kada ya huda ɗan’uwansa a kwando. Tokuji ya huda rabin gonar. Yayan Sumie, wanda ke kula da gonar, yana bin sa a baya yana tsaki. Ƙaya ta yayyage masa hannu, ya zame a gangare ya yi zaman ’yan bori, kwando ya kife, lemo ya gangara har teku. Ina jin wasu sun kai Koriya. Ni dai ina gindin bishiya ina ba da shawara.

Da aka zauna shan shayin hantsi a kan akwatuna, Sumie ta zuba wa kowa, ta zuba masa. Ya riƙe kofin da hannu biyu. Bakinsa ya buɗe, ya rufe. Ya sake buɗewa. Kamar kifin da aka jefo kan yashi.

“Yaya,” na ce, “ƙashi ne ya maƙale?”

“Rufe mana baki, Gen,” in ji Sumie.

Ya ajiye kofin. Ya sauko daga kan akwati, ya durƙusa a ƙasa, a gaban yayanta da masu tsinka da ni da kare.

“Ban taɓa gode miki ba a kan Inna,” ya ce. “Ban ma tambaye ki ba ranar da na kawo ta.”

Ta ɗauki kofinta.

“Wannan ma ban tambaye ki ba.” Ya ɗago ya dube ta. “Sumie, me kika gani? Za ki yarda in bayar?”

Ta kurɓi shayinta. Sannan ta ce, “Tashi, kana ɓata wando, kuma ba mai wanke maka. Zan zo in ji abin da likita zai ce. Ban ce na yarda ba.”

“To.”

“To kawai? Ba jawabi?”

“Babu.”

Ta zo a jirgin safe, cikin rigarta mai ruwan toka. A ɗakin akwai likita, da lauya, da Malama Terauchi. Ni aka ce in jira a waje, amma ƙofar irin mai zamewa ce, kuma ba ta rufu da kyau ba, wannan ba laifina ba ne. Likita ya yi bayanin komai: barcin, allurar, ciwon ƙugu, da abin da kan faru jefi-jefi. Ya ce daga an danna hatimi ba ja da baya, don za a fara kashe ɓargon mara lafiyar a share wa sabon wuri, in aka fasa a lokacin an kashe shi ke nan. Sumie ta yi ta tambaya. Ta tambayi abin da likitan kansa sai da ya buɗe littafi. Tokuji yana gefe, hannu a kan gwiwa, shiru kamar ɗan makarantar da aka kira uwarsa.

Daga ƙarshe lauya ya ce, “Uwargida, aikina in tabbatar. Wani ya matsa miki? Da son ranki kika zo?”

Na ji ta yi ’yar dariya ta hanci.

“Malam lauya, ka maimaita, don Allah. Daɗin ji gare ta.”

Ya maimaita, a ruɗe.

“Ba wanda ya matsa mini,” ta ce. “Ba don shi zan sa ba. Wancan da ke kwance, akwai wata da ke juya shi tana goge masa jiki. Don ita zan sa.”

Na ji ta buɗe jaka. Na ji hatimi ya sauka a takarda.

A jirgin rana ta koma. Lemo ba ya jira, in ji ta.

Aka yi aikin lafiya. Tokuji ya farfaɗo yana kallon rufi, leɓensa a bushe. Ya juyo da ƙyar, ya ga mutum a kujera, idonsa ya yi haske, sannan ya gane ni ne.

“Ba ta zo ba?”

“Ba ta zo ba. Ta dai bugo ta tambaya ko ka farka.”

“Me ka ce?”

“Na ce ka farka, kana ta kuka kana kiran sunanta, ma’aikatan jinya huɗu sun kasa danne ka.”

Ya lalubi abin da zai jefe ni da shi, ƙugu ya hana. Ya koma ya kwanta. Can ya ce, “An tafi da ɓargon?”

“Tun ɗazu. Wani likita ya saka a akwatin sanyi, ya rungume kamar jariri, ya nufi tashar jirgin ƙasa.”

“Ina za a kai?”

“Ba su faɗa ba, Yaya. Ba za su faɗa ba.”

Ya rufe ido. Na ɗauka barci ya koma, har na fara cin abincin da aka kawo masa. Sai na ji ya ce, ba tare da ya buɗe idon ba, “Gen, in na warke, kana ganin za ta bari in je in taya su kwashe sauran lemon?”

Na ce ni ba ni da gona, ya buga wa mai gonar ya tambaye ta. Na miƙa masa wayar, na ɗauki kwanon shinkafar na fita waje.